Zaƙami: Tsiron da Ke Juya Hankali

Tun kaka da kakanni mutanen karkara suke magani da ganye da saiwa da sassaƙe. Da yawa daga cikin waɗannan itatuwa suna da amfani. Amma akwai waɗanda ƙarfinsu ke kaiwa har ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne zaƙami. Wasu suna kiransa haukata-yaro, wasu kuma babba-jibji. Darasin wannan wata a kansa yake.

Yadda za a gane shi

Zaƙami yana fitowa a kan juji, da kango, da bayan gida, da gefen gona. Ba ya tsawo sosai. Ganyensa yana da faɗi, kuma yana da wari idan an murza shi. Furensa dogo ne kamar bakin kakaki, fari ko mai ruwan shuni. Ɗansa ƙulli ne mai 'yan ƙayoyi, cike da ƙananan iri. Akwai guba a ganyen da furen da saiwar, amma ta fi yawa a cikin irin.

Abin da ake yi da shi

Masu maganin gargajiya sun daɗe da sanin zaƙami. A ƙasashe da yawa, har da Indiya, akan busar da ganyensa a shaƙi hayaƙin saboda ciwon asma. Wasu kan ɗora ganyen a kan kumburi don rage zafi. Sai dai akwai samarin da ke jiƙa irin su sha don maye. Akwai kuma masu zuba shi a kunu ko zoɓo a wurin biki, mutane su sha ba su sani ba. Wannan mugunta ce, tana iya kashe rai.

Yadda yake taɓa ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa ga ido da zuciya da hanji da mafitsara ta hanyar jijiyoyi. Akwai wani sinadari a jiki da ke ɗaukar wannan saƙo, kamar ɗan aike. Shi ne kuma ke taimaka wa mutum ya tuna abu, ya san inda yake.

A cikin zaƙami akwai sinadarai masu ƙarfi. Likitoci suna kiran biyu daga cikinsu atirofin da hayosin. Idan sun shiga jini sai su tare wa ɗan aiken hanya. Saƙo ba ya isa inda aka aike shi. Daga nan sai jiki ya rikice, hankali ya gushe.

Alamomi

Alamomin kan fara bayyana cikin minti 30 zuwa awa 1 bayan an sha. Baki da maƙogwaro su bushe. Jiki ya yi zafi amma babu gumi. Baƙin ido ya buɗe, mutum ya kasa jure haske, gani ya dushe. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Fitsari ya ƙi fita.

Bayan haka sai sambatu. Mutum ya riƙa ganin abin da babu shi, kamar ƙwari ko macizai ko mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ya riƙa magana da bango, yana tsintar abin da ba kowa ke gani ba. Yana iya tuɓe tufafinsa ko ya ruga cikin daji. Wannan hali kan kai kwana 1 ko 2, wani lokaci ya fi haka. Idan ya farfaɗo ba ya tuna abin da ya yi. Idan gubar ta yi yawa sai farfaɗiya, da suma, da mutuwa.

Mutane kan ce aljanu ne suka shige shi, ko sammu aka yi masa. Kafin a yanke wannan hukunci, a tambaya me ya ci, me ya sha. Mai busasshen baki da buɗaɗɗen ido da zafin jiki, guba ce ke aiki a jikinsa.

Abin da ya faru a wasu wurare

A shekarar 1676 wasu sojojin Ingila a garin Jemstawun na Amurka suka dafa ganyen wani ɗan'uwan zaƙami suka ci. Suka yi kwana 11 suna shirme. Da suka warke, babu wanda ya tuna kome.

A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, mutane wajen 300 suka kwanta bayan sun sha kunun wani garin agaji. Mutum 5 suka mutu. Bincike ya nuna irin wannan tsiro ne ya shiga cikin garin. Don haka manomi ya cire zaƙami daga gonarsa kafin girbi, kada irinsa ya gauraya da hatsi ko wake.

Me ya sa ba shi da ma'auni?

A asibiti ma ana amfani da atirofin. Ana ɗiga shi a ido, ana kuma yi wa wanda ya sha maganin ƙwari allurarsa. Amma likita yana auna shi daidai. Shi kuwa zaƙami, ƙarfin wannan tsiro ya bambanta da na wancan. Na juji daban, na gona daban. Abin da wani ya sha jiya ya tsira, shi ne zai kashe wani yau. Yara da tsofaffi sun fi saurin faɗuwa.

Abin da za a yi wa wanda ya sha

1. A kai shi asibiti nan da nan. Kada a jira ya warware da kansa.
2. A tafi da ragowar abin da ya sha, ko ganyen, don likita ya gani.
3. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi a rana. A tsare shi daga wuta da rijiya da titi.
4. A shafa masa tsumma mai ruwan sanyi don rage zafin jiki.
5. Kada a yi masa ɗurar manja ko madara. Yana iya shaƙewa.
6. Idan ya suma, a kwantar da shi ta gefe.

Rigakafi ya fi magani. A tumɓuke zaƙami daga kusa da gida, inda yara da awaki ke yawo. A wanke hannu bayan an taɓa shi. Mai sayen maganin gargajiya ya tambayi abin da ke ciki. Idan na kwalba ne, ya duba lambar hukumar NAFDAC a jiki.

Tambayoyi

1. Faɗi sunaye uku na wannan tsiro.
2. A wane sashe nasa guba ta fi yawa?
3. Kawo alamomi huɗu na wanda ya sha zaƙami.
4. Me ya sa ba a yi wa wanda ya sha shi ɗura?