Kafin Ka Fassara Haruffan Tsohon Zanen Jirgin Yaƙi

Duk mai ƙera samfurin jirgi, ko ɗalibin injiniya da ya samu kwafin zanen Spitfire ko Mustang, haruffa ne suke fara tare masa hanya: SWG, AN, DTD, STA. Shawarata ita ce kada ka fassara ko harafi ɗaya sai ka san ƙasar da aka yi zanen, da kamfanin, da shekarar. Duk suna cikin akwatin bayani, galibi a kusurwar ƙasa ta hannun dama.

Ga dalili. A zanen Ingila, 16 SWG na nufin falle mai kaurin inci 0.064. A ma'aunin Brown da Sharpe na Amurka kuwa, lamba 16 kusan inci 0.051 ce. Lamba ɗaya, kauri biyu, kuma a fiffiken jirgi wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Har tsarin jera fuskokin abu a takarda ya bambanta. Sa'ad da kamfanin Packard ya karɓi aikin ƙera injin Merlin na Rolls-Royce a 1940, sai da ya sake zana zanukan bisa tsarin Amurka.

In zanen na Ingila ne, irin na jiragen Hurricane da Blenheim da suka riƙa bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Masar a Yaƙin Duniya na Biyu, DTD da lamba a gabansa ƙa'idar kayan aiki ce ta Ma'aikatar Jiragen Sama. AGS na nuna ƙananan kaya na bai-ɗaya, irin su noti da washa. BA da BSF nau'in murɗin noti ne, kuma notin Amurka ba ya hawa kansu.

In na Amurka ne, AN ƙa'idar haɗin gwiwa ce ta sojan ƙasa da na ruwa. Ɗauki AN426AD4-6: ƙusar ribit ce mai kai da ke nutsewa cikin falle, AD nau'in alminiyam ɗinta, 4 kaurinta a kashi 32 na inci, 6 kuma tsawonta a kashi 16. STA nisa ne daga wani layi da aka tsayar a gaban jirgi, WL tsayi daga ƙasa zuwa sama, BL nisa daga tsakiya zuwa gefe. In ka ga 24ST, alminiyam ne da aka sauya wa suna zuwa 2024 a 1954, da wannan sunan za ka neme shi yau.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ka buɗe littafi, ka rubuta kowane harafi da lambar zanen da ka gan shi, domin ma'anarsa takan fito in ka haɗu da shi sau uku a wurare daban. Ka duba jerin gyare-gyaren da ke gefen takarda, kada ka yi aiki da bugun da aka soke. Ka nemi littafin ƙa'idar zane na kamfanin da kundin kayan gyaran jirgin. Abin da ya gagara, matambayi ba ya ɓata: gidan tarihin RAF da ke Landan da Smithsonian a Washington suna adana irin waɗannan takardu.

Wanda ba ka tabbatar ba, ka sa masa alamar tambaya, ka bar shi haka. Hasashen da ka rubuta kamar tabbas, wani ne zai kwafa gobe ya yanka ƙarfe da shi.