Jan Ƙugiya a Bayan Kwalekwale: Shawara ga Mai Neman Giwan Ruwa

Wani matashi daga Birnin Gwari ya aiko da tambaya. Ya ga Turawa a talabijin suna zaune cikin jirgin ruwa, jirgin na tafiya sannu a hankali, zare na biye da su a baya, can sai ga kifi ya kama. Yana son sanin ko dabarar za ta ci a ruwanmu. Za ta ci, ɗan'uwa, amma sai ka gane inda gizo ke saƙar.

Kifin da ka ga suna kamawa a tafkunan Amurka da Kanada, irin su tafkin Erie, sunansa walleye, kuma babu shi a nan. Sai dai muna da mai irin halinsa, wanda ya ninka shi girma nesa ba kusa ba, wato giwan ruwa. Dukansu mafarauta ne masu cin ƙananan kifi, kuma idonsu na ƙyalli idan haske ya doke shi, domin an halicce su da gani cikin duhu-duhu. Shi ya sa suka fi farauta da sanyin asuba da kuma bayan la'asar sakaliya. Giwan ruwa yakan haura kilo 100, kuma da wannan dabara ta jan ƙugiya ake kama manyansa a tafkin Nasir na ƙasar Masar.

Abu na farko shi ne ruwan da za ka shiga. Dabarar tana son fili da zurfi. Kogin Mariga da rani yakan tsinke ya bar gurabe, a nan fatsa daga bakin gaɓa ta fi. Inda za ka sake ka ja zare shi ne madatsa: ta Bagoma da ke kusa da gari ta isa wurin koyon hannu, manyan wurare kuwa su ne Shiroro a kan kogin Kaduna da Kainji a kan kogin Kwara. Kafin ka jefa ƙugiya ko ɗaya, je ka gaida Sarkin Ruwan wurin, ka tambayi masunta irin kifin da kallinsu ke kamawa da inda kututture yake. Ruwan da ke cikin gandun dajin Kamuku kuwa ka bar shi, na gwamnatin tarayya ne kuma an hana yin su a ciki.

Yanzu kaya. Ba sai ka sayi sanda mai injin naɗi ba. Zaren lailon mai kauri kamar gaba 60, a naɗe a jikin katako ko gwangwani, ya wadatar. A ƙarshensa ka ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa. Idan babu shi, kafin ka yi zagaye biyu zarenka ya zama igiyar guga. Daga nan sai waya kamar taki ɗaya kafin ƙugiya. Giwan ruwa ba shi da manyan haƙora, amma gefen kumatunsa kaifi gare shi, ga kuma kifin tsage, wanda ke datse lailon kamar almakashi. Sili ɗaya na wayar birkin keke yana yin aikin.

Abin da ake ja iri uku ne. Akwai kifin roba ko na katako mai leɓe a gaba, irin na kamfanin Rapala, wanda wani masunci ɗan ƙasar Finlan ya fara sassaƙawa da wuƙa a 1936. Leɓen ne ke sa shi nutsewa: dogon leɓe, zurfi, gajere, kusa da sama. Akwai cokali, kuma cokalin cin abinci na ƙarfe nake nufi. Ka yanke mariƙin, ka huda kai da gindi, ka sa ƙugiya a gefe ɗaya, zare a ɗaya. Yana lilo yana walƙiya kamar kawara mai rauni. Na uku shi ne ƙaramar karfasa ko kawara ta gaske, a soke ta ta leɓe, a ɗinke bakin don kada ruwa ya shiga ta riƙa juyi kamar fanka. Ni dai cokali na fi so ga mai koyo, domin za ka yi asarar su da yawa, kuma asarar cokali ba ta hana barci.

To amma duk wannan ado ne. Abin da ke kawo kifi shi ne ƙugiyarka ta wuce daidai zurfin da yake, da saurin da zai iya cim mata. Yawancin masu dawowa hannu rabbana gudu ne ya cuce su. Masu neman walleye sukan tafi da saurin kilomita 2 zuwa 4 a awa, wato ƙasa da tafiyar mai zuwa masallaci. Wannan albishir ne ga mai filafili, don ba ka bukatar inji ko fetur. Ka saki cokalin a gefen jirgi tukuna ka dube shi. Idan yana lilo dama da hagu, saurin ya yi. Idan yana katantanwa, gudun ya yi yawa. Idan ya yi lamo, ƙara hannu. Sai ka riƙe wannan bugun filafilin a ranka kamar kiɗa.

Zurfi kuwa abu uku ke juya shi: tsawon zaren da ka saki, nauyin dalma, da saurin jirgi. Fara da gaba 15 a bayan jirgi. Ka yi wa zaren alama da ƙullin tsumma a kowace gaba 5, domin ranar da kifi ya kama ka san tsawon da ya ci, ka maimaita. Wanda bai ƙirga ba, sa'a ce ta ba shi, kuma gobe sai ya sake lalube. Giwan ruwa yana laɓewa ne a gindin duwatsu, da bakin tsohuwar hanyar kogi da madatsa ta shanye, da jikin itatuwan da ruwa ya binne. Ana so ƙugiya ta bi ta samansa kaɗan, don kifi mai farauta sama yake duba. Ga wata dabara da ke ceton kaya: ɗaura dalmar a wani siririn zare daban, mai tsawon kamu 2, ya rataya ƙasa da babban zaren. Idan ta maƙale a kututture, siririn ne zai tsinke, cokalinka ya tsira. Tsohon fulogin babur yana maye gurbin dalma, kuma kowane bakanike zai ba ka kyauta.

Kada ka miƙe sak kamar mai bin layin dogo. Riƙa karkata jirgin kamar tafiyar maciji. A kowace kwana cokalin yakan rage gudu ya nutse, sannan ya zabura ya taso, kuma a wannan zaburar kifi ya fi kai cafka. In ku biyu ne, ku kafa gora a kowane gefe don zaruruwan su yi nesa da juna, ɗaya gajere ɗaya dogo.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada ka naɗa zare a yatsa ko a wuyan hannu. Kifi mai kilo 20 idan ya fizga zai yanka ka har ƙashi, ko ya kifar da jirgin. Ɗaura zaren a jikin jirgi ta hanyar yankin robar tayar keke, ita za ta sha fizgar farko. In ya ja, ba shi zare. In ya tsaya, ka karɓa. Zai yi tsalle ya girgiza kai don ya tofar da ƙugiya, to a lokacin kada zaren ya yi sako-sako. Sai ya gaji ya kwanta a gefe ɗaya za ka jawo shi. Wanda bai kai kamu ɗaya ba ka mayar da shi ruwa, bai hayayyafa ba tukuna.

Lokacin wannan dabara daga kaka ne zuwa bazara, sa'ad da ruwa ya kwanta ya washe. Da damina ruwa ya yi ja, kifi ba ya hango cokali daga nesa, gara ka koma mamari. Da hunturu kuwa ba sai ka yi sammako sosai ba, bari rana ta ɗan ɗumama ruwan.

Saura zancen tsaro, wanda duk ɗan Birnin Gwari ya fi ni sani. An samu sauƙi bayan sulhun ƙarshen 2024, kasuwa ta buɗe, amma daji daji ne, haka ma kewayen Shiroro. Yammacin da kifi ya fi ci shi ne kuma lokacin da bai kamata duhu ya same ka a bakin ruwa ba. Ka zaɓi safiya, ku tafi ku biyu ko uku tare da ɗan gari, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku, kowa da rigar kariyarsa a jiki. Idan masuntan wurin suka ce yau ba a shiga wancan ɓangaren, ka naɗe zarenka ka bi su.