DARASI: RIJIYAR GIDA DA MASU HAƘAR ZINARIYA

Ya kai mai gida na Kanya da kewaye, a ce maƙwabcinka ya fara kawo dutsen zinariya gida yana niƙawa. Ruwan rijiyarka garau yake, ba wari, ba ɗaci. Ko lafiya ke nan? A'a. Dalma ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta cikin ruwa.

Abin da ya faru a Zamfara

A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba nisa da ƙasar Zuru, kamar su Dareta da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa yana da dalma da yawa. Ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin hatsi cikin gari, ƙurar ta bi ƙasa da ɗakuna, yara suna haɗiyarta. A 2015 haka ta sāke faruwa a Shikira, cikin Jihar Neja.

Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun gwada ruwan ƙauyukan Zamfara a 2010. Suka sami dalma a kududdufai da waɗansu rijiyoyin da bakinsu ke buɗe, amma ba su sami haka a burtsatse ba. Wato ta baki gubar ta shiga rijiya, tare da ƙura da laka da guga. Abin da ke shiga ta baki kuwa, ana iya tare shi.

Ga abin da za ka yi

1. Kada ka yarda a daka ko a wanke dutse cikin gida ko kusa da rijiya.
2. Ka ɗaga bakin rijiya da siminti, ka yi mata murfi, kada ruwan damina ya kwararo ciki.
3. A rataye guga da igiya, kada a yar a ƙasa.
4. Mai aikin haƙa ya yi wanka, ya sāke tufafi kafin ya shigo gida.
5. Kada ka dogara ga tafasa ruwa. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fid da dalma.
6. In kuna shakka, ku haɗa kai ku roƙi ma'aikatan lafiya a gwada ruwan. Kafin nan yara da masu ciki su sha na burtsatse.

Yaron da ke amai da ciwon ciki, ko jijjiga ta kama shi, a kai shi asibiti nan da nan, a gaya wa likita ana aikin dutse a unguwa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Rijiyoyi nawa ne a unguwarku ba su da murfi?
2. Yaya za ka yi wa maƙwabci magana ba tare da faɗa ba, tun da shi ma abinci yake nema?