Jagoranci Ba Rawani a Bakin Tafkin Kainji

Idan abokan sana'a suka sa ka gaba a tashar jirgin ruwa ta Warra, ko wajen gayyar shinkafa a Shanga, ka tuna ba kai ne Sarkin Ruwa ba. Maganarka ba ta wuce yardarsu ba. Ka riga kowa fitowa. Kuɗin mai da na ɗinkin koma, ƙirga su a gaban kowa, don daga aljihu zargi yake farawa. Wanda ya yi kuskure, ja shi gefe, kada ka tozarta shi a kasuwar Yelwa.

Amma in lodi ya wuce kima, ƙi tashi, ko za a ji haushinka. Mutanen Ngaski ba su manta hatsarin jirgin ruwa na Mayun 2021 ba. Rigimar wurin kamun kifi kuwa, kai wa dattawa.