TURKE: MA'ANARSA DA ASALINSA DA MATSALAR FASSARA SHI

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Sabon Birni da Isa, da zarar shuka ta tsiro, dole kowane mai akuya ya kama abarsa ya ɗaure, har sai an kawar da amfanin gona. Idan akuya ta yi ɓarna aka je gaban mai unguwa, akan bincika yadda aka ɗaure ta: a turke take ta tsinke, ko talala aka yi mata kusa da gonar wani? Amsar ita ke nuna girman sakacin mai dabbar. Wannan darasi zai dubi kalmar turke, domin ɗalibi ya fahimci cewa kalma ɗaya ta wani harshe ba ta isa ta ɗauke duk ma'anoninta.

2.0 Ma'anar Turke

Turke guntun icce ne mai ƙwari da ake kafawa a ƙasa domin a ɗaure dabba a jikinsa. Jam'insa turaku, wasu kuma su ce turaka. Akwai kuma aikatau, kamar a jimlar "Ladi ta turke akuya." Wajibi ne a rarrabe shi da kalmomin da ke maƙwabtaka da shi:

(a) Talala: ɗauri ne da doguwar igiya, yadda dabba za ta zagaya ta ci ciyawa amma ba za ta wuce iyaka ba. Shi ya sa ake yi mata kirari da "talala mai kamar sake."

(b) Dabaibayi: haɗe ƙafafun dabba ne da gajeriyar igiya, kamar yadda ake yi wa jaki ko raƙumi. A nan babu icce, dabbar tana tafiya amma ba ta iya gudu.

(c) Dangwali: doguwar igiya ce mai zarge-zarge da makiyaya ke jera maruƙa a kanta.

Ke nan turke yana tsayar da dabba wuri ɗaya, talala tana yi mata iyaka, dabaibayi kuwa yana rage mata sauri.

3.0 Asalin Kalmar

Gobir ƙasar mahaya ce tun zamanin birnin Alƙalawa, wanda ya faɗi a 1808, kuma kufansa na nan a yankin Sabon Birni. Yawancin sunayen kayan doki aro ne daga Larabci: sirdi daga sarj, linzami daga lijam, likkafa daga rikab. Haka nan dangwali ya shigo ne daga daangol na Fulatanci. Turke kuwa bai yi kama da watad ba, wadda ita ce takwararsa a Larabci. Ana lissafa shi cikin kalmomin Hausa na gida. Dalili a fili yake: sirdi da linzami fatauci ne ya kawo su, amma manomi bai jira fatake ba kafin ya kafa icce ya ɗaure akuyarsa.

A nan akwai jan kunne ga mai nazari. Kamancin sauti kaɗai ba hujja ba ce ta dangantaka. Kuskure ne a danganta turke da Turkawa don kawai kunne ya ji sun yi kusa. Hujja ita ce sauyin sauti mai bin ƙa'ida. Misali, Bagobiri yana cewa ɗamre inda Bakano ke cewa ɗaure, kamar yadda yake cewa amre da zamna a madadin aure da zauna. Wannan na cikin sauye-sauyen da masanin nan Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana, inda baƙin leɓɓa a ƙarshen gaɓa ya koma u a karin harshen gabas. Kalmar ɗamara ta riƙe tsohon m ɗin har a Kano. Saboda haka furucin yaron Isa ba gurɓatacciyar Hausa ba ce; shi ne ma ya fi kusa da tsohon siffar kalmar.

4.0 Faɗaɗar Ma'ana

Daga turken dabba ma'anar ta yaɗu zuwa wasu fagage. Idan aka ce "an turke shi da tambayoyi," ana nufin an hana shi zillewa. A fagen adabi, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi amfani da turke a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) a matsayin babban saƙon da waƙa ke zagayawa a kai, kamar yabo ko zuga. Abin lura shi ne, jigo, wanda aka fi amfani da shi a nazarin rubutacciyar waƙa da zube, shi ma asalinsa icce ne, wato wanda masu lambu ke ɗebo ruwa da shi. Haka kuma ɗaurin talala ya zama sunan tsare mutum a gidansa, dabaibaye kuwa ana faɗarsa ga matsalolin da suka sarƙe al'amari.

5.0 Matsalar Fassara

A Ingilishi kalmar tether takan ɗauki igiyar da kuma aikin ɗaurewar, don haka tana iya zama turke, tana iya zama talala. Iccen kansa peg ne ko stake, dabaibayi kuwa hobble. A ƙetaren iyaka, wajen Maraɗi, inda ake karatu da Faransanci, iccen piquet ne, dabaibayi kuma entrave. Turken waƙa kuwa theme ne, ba ruwansa da icce. Ta fuskar Larabci, Sheikh Abubakar Gumi ya zaɓi turaku wajen fassara autad, jam'in watad, a aya ta 7 ta Suratun Naba'i, inda aka siffanta duwatsu da su.

Mai fassarar da ya mayar da turke da talala kalma ɗaya a takardar shari'a ya shafe bambancin da hukunci zai rataya a kai, kuma yana iya jawo a ɗora wa marar laifi biyan ɓarna.

6.0 Kammalawa

Turke kalma ce ta gida wadda ta taso daga bargar dabbobi ta kai ajin nazarin waƙa. Malami mai koyar da ita ya fara da abin da yara suka baro a gida da safe, su faɗi yadda aka ɗaure dabbobinsu, sannan a tafi ga ƙamus.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambanta turke da talala da dabaibayi, tare da jimla ɗaya ga kowanne.
2. Me ya sa ba daidai ba ne malami ya kira ɗamre kuskure?
3. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Akuyar ɗaure ta samu sake."
4. Tattaro kalmomi biyar na ɗaurin dabbobi daga bakin dattawan garinku.