Ciwon Kumburin Hanji Da Gyambon Baki: Abin Da Za Ku Iya Yi A Gida

Ciwon kumburin hanji mai lafawa ya taso iri biyu ne: cutar Crohn, wadda likitan Amurka Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, da kuma gyambon babban hanji. Ba a ɗaukarsu daga jikin wani, garkuwar jikin mutum ce ke afka wa hanjinsa. Cutar Crohn kan taɓa ko'ina daga leɓe har dubura, shi ya sa baki ke shan wahala tare da ciki. A wajen yara ma, wani lokaci bakin ne ke fara nuna alama tun ciki bai motsa ba.

1. Ku riƙa haska bakin da tocilan. Ku duba ƙananan gyambuna masu farin tsakiya da jan gefe, da kumburin leɓe da ya ƙi sacewa, da dasashi da ya yi ja ya kumbura, da cikin kumatu idan ya yi gurzu-gurzu. Ku ɗauki hoto da waya, don sau da yawa kafin ranar ganin likita ta zo gyambon ya ɓace. Yawaitar gyambunan kan zo daidai da lokacin da hanjin ke tasowa.

2. Ku kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya ya isa, bayan kowane cin abinci, a tofar. Kada a goga kanwa, toka ko ƙwayar asfirin a kan gyambon, ƙona naman bakin suke yi.

3. Ku guji ibuprofen da diclofenac. Su ne aka fi saurin miƙa wa mai ciwon baki ko haƙori a kemis, alhali suna iya tayar da ciwon hanjin har ya kai ga zubar jini. Farasitamol ya fi aminci. Ko wajen likitan haƙori kuka je, ku fara gaya masa akwai ciwon hanji kafin ya ɗauki biro.

4. Ku sassauta wa baki a kwanakin zafi. Yaji, tsamiya, lemon tsami, zoɓo, kilishi da soyayyar gyaɗa su dakata tukuna. Ku koma kan kunu da koko da suka huce, dafaffen ƙwai, ayaba, dankali mai laushi, da kindirmo ga wanda cikinsa ke karɓar nono. Babbar damuwa a nan ita ce majinyaci ya daina ci saboda raɗaɗi, ga shi dama ciwon na ramar da shi.

5. Buroshi mai laushi, kuma kada a daina gogewa. Ruɓewar haƙori da ciwon dasashi sun fi yawa a masu wannan ciwo. Wasu na samun sauƙi da makilin da babu sinadarin kumfa na SLS a ciki, ana rubuta shi a jikin kwalin. Mai asuwaki ya tauna bakin asuwakin ya yi laushi sosai kafin ya goga.

6. Tsagewar gefen baki, ku nemi gwajin jini. Ita da harshe mai ja, sulɓi da zogi kan nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe, folik asid ko bitamin B12. A ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse B12, kuma nan ne cutar Crohn ta fi kamawa, don haka hanta da kifi ba lallai su wadatar ba, wasu sai da allura.

7. Ku lura da abin da magani ke jawowa. Prednisolone kan kawo wani fari-fari a harshe mai kama da dusar nono, yana kuma da maganinsa. Amma kada a yanke shan prednisolone farat ɗaya, a hankali likita ke rage shi. Methotrexate kuwa sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuma idan gyambo ya cika baki ana cikin shan sa, a sanar da likita a ranar.

8. A bar sigari. Tana tsananta cutar Crohn, tana kuma lalata dasashi.

9. Gyambon da ya wuce mako uku na asibiti ne. Haka ma wanda ya hana shan ruwa ko ya zo da zazzaɓi. Idan kuwa akwai wanda gyambon baki ke yawan dawo masa tare da gudawa mai jini, ciwon ciki da rama, ko yaron da girmansa ya tsaya, kada ku tsaya kan cewa basir ne ko atini. Tarin fuka na hanji da atinin amiba suna kama da wannan ciwo, gwajin bayan gida da leƙa hanji da na'ura ne ke raba su. Ku nemi a tura ku wajen likitan ciki da hanji a asibitin koyarwa mafi kusa, ku tafi da hotunan bakin da kwalayen duk magungunan da ake sha.