Ƙotar Buroshin Aski a Kan Injin Juya Katako: Abin Yi da Abin Bari

Ɗana, ka zauna ka saurara. Ƙotar buroshin aski ba ta kai tsawon yatsa ba, shi ya sa yara ke raina ta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na ga wanda guntun katako ya fasa wa leɓe, na kuma ga ƙota mai sheƙi da ta tsage kafin ta yi wata biyu a hannun mai ita. Abu biyu ka riƙe: injin ba ya jin kuka, ƙotar kuma a cikin ruwa da sabulu za ta ƙare rayuwarta.

ABIN DA ZA KA YI

1. Sayi dunƙulen gashin kafin ka taɓa katako. Ramin ne ke bin gashi, gashi ba ya bin rami.

2. Auna gindin dunƙulen da kanka. Galibi yana tsakanin milimita 20 zuwa 28, amma abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake daidai ba. Ka sa ramin ya fi shi faɗi da milimita 1 zuwa 2.

3. Tambayi gashin mene ne. Akwai na doki, na roba, na wata dabbar dawa, akwai kuma na alade, kuma yana da yawa a kasuwa saboda arha. Kada ka miƙa wa Musulmi abin da ba ka faɗa masa asalinsa ba.

4. Zaɓi busasshen katako mai tauri, irin su ƙirya, kanya ko maɗaci. Mai laushi yana shan ruwa kamar soso.

5. Huda ramin tun katakon yana da kaurinsa, a hankali, injin yana tafiya sannu. Ka riƙa zaro bakin hudar kana kaɗe dusa. In ya yi zafi, ciki zai ƙone ya tsage.

6. Juya katakon da hannu zagaye ɗaya kafin ka kunna. In zai bugi majinginar ƙarfe, gara ya buga yanzu.

7. Rufe fuska gaba ɗaya, ka sa takunkumi. Tabarau ba ya kare haƙori, ƙurar katako kuwa a huhu take sauka.

8. Wasa cizal ɗinka. Dakushin ƙarfe shi ke cafkar katako ya fizge hannu.

9. Cire majinginar kafin ka goga samfefa. Tsakaninta da katako nan ne yatsa ke maƙalewa. Ka fara da lamba 120, ka hau a hankali har 600, kada ka tsallake.

10. Shafe ko'ina da abin hana ruwa, har cikin ramin da ƙasan ƙotar. Nan ne mutane ke ha'inci saboda ido ba ya gani, nan ne kuma ruwa ke shiga. Yau ya jiƙa, gobe ya bushe, jibi katako ya buɗe baki.

11. Gwada zaman gashin ba gam. In ramin ya yi zurfi, sa kwabo a ƙasa ya ɗaga shi. Da zarar gam ya kama, babu gyara.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka matso kusa da injin da babbar riga, ko dogon hannu, ko jelar rawani, ko carbi a wuya. Duk abin da ke lilo sai ya naɗe shi, ya jawo ka tare. A 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yale ta Amurka ta rasu bayan gashinta ya naɗe a injin juya ƙarfe mai kama da wannan. Tana da ilimi, amma ita kaɗai ce a wurin da dare.

2. Kada ka yi aiki kai kaɗai. Dalili yana sama.

3. Kada ka sa safar hannu. Injin zai kama ta, hannunka yana ciki.

4. Kada ka bar makulli a jikin bakin injin. Kana kunnawa ya zama harsashi.

5. Kada ka tsaya saitin katako a lokacin kunnawa. In zai tashi, ta nan zai biyo.

6. Kada ka tashi ka bar injin a kunne don an ɗauke wuta. Za a dawo da ita ba sallama, wataƙila ƙaninka na wasa a wurin.

7. Kada ka ɗora katako mai tsagu ko ɗanye. Mai tsagu zai tarwatse a kan injin, ɗanye zai tarwatse a hannun mai saye.

8. Kada ka naɗe tsumma a yatsa wajen goge ƙotar. Yi da guntun takarda, ita za ta yage ta bar maka yatsa.

9. Kada ka siranta bakin ramin don neman ado. Siririn baki shi ne farkon fashewa ran da buroshi ya faɗi ƙasa.

10. Kada ka liƙa gashin da gam ɗin kafinta. Nemi mai kwalba biyu da ake haɗawa, wanda ruwa ba ya narkarwa. Kuma kaɗan ya isa. In ya yi yawa zai hau cikin gashin ya sandarar da shi, ka yi asarar abin da ya fi komai tsada a aikin.

11. Kada ka yanko gashin doki ka ɗaure da kanka. A zamanin Yaƙin Duniya na Farko, sojojin Ingila da Amurka sun kamu da cutar da makiyaya ke kira ciwon saifa, ta hanyar buroshin aski da ba a tsabtace gashinsa ba. Reza ta ɗan yanka, ƙwayar cuta ta shige.

12. Kada ka dunƙule tsumman da ya sha man katako ka jefa cikin dusa. Yana iya kama wuta da kansa cikin dare. Shanya shi a waje.

13. Kada ka jiƙa buroshin kafin gam ya yi awa 24. Haka kuma ka gaya wa mai saye: ban da tafasasshen ruwa, kuma in ya gama aski ya kaɗe shi ya bar shi ya sha iska.

Ka manna wannan takarda a bango kusa da makunnin injin, ka karanta wa duk yaron da zai taɓa shi.